Mota ba makulli: Me ake cirewa kafin a sa maɓallin tayar da inji?

Duk wanda ya taɓa shiga sabuwar mota a cikinku zai lura cewa direban bai zura makulli ko'ina ba. Ya taho da rimot a aljihu, ya kama hannun ƙofa ta buɗe, ya zauna ya taka birki, ya danna wani zagayayyen maɓalli kusa da sitiyari, sai inji ya ɗauka. Abin akwai burgewa. Shi ya sa masu tsofaffin motoci, musamman irin 'yan Kwatanon nan da suka cika titunanmu, su ma suke kai nasu wurin masu gyaran wayar mota, wato 'yan rewaya, a cire musu makulli a sa maɓalli. Kayan aikin a kwali ɗaya suke zuwa: wani ɗan akwati baƙi, maɓalli, rimot biyu, eriya biyu ko uku, da damin wayoyi masu launi-launi.

Aikin yakan ɗauki wuni guda ko ƙasa da haka. Da yamma mai mota ya danna maɓalli, mota ta tashi, kowa ya yi murmushi. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba a wurin: ayyukan da tsohon makullin yake yi, wa ya gaje su?

Kafin mu amsa, ku san cewa maɓallin nan ba sabon abu ba ne. Motocin farko da hannu ake tayar da su: mutum ya tsaya a gaban mota, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ya yi ta juyawa har inji ya kama, kuma idan injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo baya, yana iya karya masa hannu. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, wanda injiniya Charles Kettering ya ƙera. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana tayar da motoci ta hanyar danna maɓalli a gaban direba ko taka wani ƙarfe da ƙafa. Sai a 1949 kamfanin Chrysler ya yaɗa salon da muka taso muka gani, na murɗa makulli har inji ya tashi. Rimot na buɗe ƙofa ya bayyana a motar Renault Fuego ta Faransa a 1982, sannan a ƙarshen shekarun 1990 Mercedes-Benz ta sa wa manyan motocinta tsarin da direba ba ya buƙatar ciro komai daga aljihu. Maɓalli dai ya tafi ne ya dawo da sabuwar riga.

Ayyuka huɗu na ɗan ƙarfe guda

Makullin mota ya fi na kwaɗon ɗaki aiki nesa ba kusa ba. Na farko, haƙoransa shaida ce: idan ba su dace da ramin ba, ba zai juya ba. Na biyu, shi ne makunnin wuta. Murɗawa ta farko tana ba rediyo wuta, ta biyu tana kunna fitilun gaban direba da famfon mai da ƙwaƙwalwar mota, ta ƙarshe kuma tana aika wuta ga kik ya juya inji, sai ka saki ya dawo da kansa. Na uku, idan ka zare shi wani ƙarfe yana faɗawa cikin sandar sitiyari ya kulle ta, yadda ko an tura motar ba za a iya karkata ta ba.

Na huɗu shi ne wanda ido ba ya gani. A cikin baƙar robar da ke kan makullin motoci da yawa akwai wata 'yar ƙwaya ta lantarki da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba. Ba ta da batir. A bakin ramin makulli akwai zoben waya da aka nannaɗe. Da ka murɗa, zoben zai fitar da ƙarfin maganaɗisu wanda zai ba ƙwayar wutar da za ta isa ta faɗi lambar sirrinta. Idan lambar ta yi daidai, ƙwaƙwalwar mota ta saki mai da wuta. Idan ba ta yi ba, kik zai yi ta juyawa amma inji ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan take. 'Yan ajin kimiyya za su gane wannan: darasin nan ne na yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki a cikin waya, wanda Michael Faraday ya gano a 1831. Wannan tsari ya rage satar mota ƙwarai, har ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka wajabta shi a kan sababbin motoci tun 1998. Amurka ba ta wajabta ba, kuma ta ga sakamakon: daga wajajen 2021 aka yi ta sace wasu motocin Kia da Hyundai marasa wannan ƙwaya a biranen ƙasar, bayan bidiyon yadda ake yi ya bazu a TikTok.

To, mai sa maɓalli dole ya san yadda zai yi da waɗannan ayyuka huɗu.

Na makunnin wuta shi ne mai sauƙi. A cikin baƙin akwatin akwai wasu ƙananan makunnai da ake kira rile, waɗanda 'yar ƙaramar wuta ke ja da maganaɗisu su haɗa babbar waya. Mai rewaya zai nemo wayoyin da ke bayan ramin makulli ya haɗa su da akwatin, ya ja wata waya zuwa makunnin fitilar birki, domin akwatin ya san ko direba ya taka birki kafin ya yarda ya tayar da inji. Shaidar haƙora kuma rimot ne zai gaje ta. Eriyar da aka ɓoye a jikin mota tana aika wani kira mai rauni wanda ba ya wuce mita ɗaya ko biyu, rimot ya ji ya amsa da lambarsa. Motocin Amurka da Japan galibi a kan zangon megahaz 315 rimot ɗinsu ke magana, na Turai kuma 433. Rimot mai kyau yana sauya lambarsa duk lokacin da aka yi amfani da shi, don kada wani ya naɗi ta jiya ya buɗe mota da ita yau. Mai arha ba lallai ne ya yi haka ba.

Inda gizo ke saƙa

Sauran ayyuka biyun ne matsalar. Akwatin da aka saya a kasuwa ba shi da hannun da zai buɗe makullin sitiyari. Saboda haka ko dai a cire ƙarfen da ke kulle sitiyarin gaba ɗaya, ko a yanke kan makulli a bar guntunsa a cikin rami a murɗe, a rufe wurin da roba. Ko wanne aka yi, sitiyarin motar ba zai sake kulluwa ba. Katanga ɗaya ta faɗi ke nan.

Sai ƙwayar lambar sirri. Ƙwaƙwalwar mota ba ta san da zaman sabon maɓalli ba. Ita dai ƙwayarta take jira. Hanyar ƙwararru ita ce a sa ƙwayar a cikin wata na'ura ta daban wadda ba za ta bari zoben ya ji ta ba sai rimot na gaskiya yana cikin mota. Hanyar gaggawa kuwa ita ce a fasa robar makulli, a ciro ƙwayar, a manne ta da gam ko salatif a jikin zoben ta zauna nan har abada. Motar za ta tashi lafiya lau, mai ita ba zai ga bambanci ba. Amma daga ranar, motar kullum gani take makullinta na jikinta. Ka ga an biya kuɗi an sayi burgewa, an kuma sallami maigadin da kamfani ya ajiye a cikin mota kyauta. A ganina wannan ne babban abin da ya kamata mai mota ya tambaya kafin a taɓa masa waya ko ɗaya: ina za a kai ƙwayar?

Ko motocin da suka zo da tsarin daga kamfani ba su tsira sarai ba. A 2011 wasu masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan suka gwada motoci 10 na kamfanoni 8. Suka nuna cewa idan aka sa na'ura ɗaya kusa da mota, wata kuma kusa da inda rimot yake, ana iya miƙa kiran motar zuwa nesa, rimot ya amsa yana zaton yana kusa da ita. Duk motocin goma sun buɗe, sun kuma tashi. Ɓarayi a Turai sun daɗe suna amfani da wannan dabara a kan motocin da aka ajiye a ƙofar gida, rimot yana rataye a bayan ƙofar falo. Sababbin rimot na wasu kamfanoni yanzu suna yin barci idan sun ɗan jima ba a motsa su ba, don toshe wannan kafa.

Bayan ɓarawo akwai wuta. Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma yana iya turo ƙarfin da zai mai da siririyar waya ja wur cikin daƙiƙu. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif takan saki idan mota ta sha gargada da zafin rana, kuma wurin da ta saki nan ne yake yin zafi. Aikin kirki sai da dalma ko matsattsen maɗauri, da fiyus daidai ƙarfin wayar. Ga kuma akwatin da ba ya barci, kullum yana sauraron rimot yana tsotsar batir a hankali; motar da aka ajiye mako guda ko biyu da tsohon batir tana iya wayar gari sai an tura ta. Sababbin motoci kuma wasu wayoyinsu ba wuta kawai suke ɗauka ba, saƙonni ne ke gudana a cikinsu tsakanin ƙananan kwamfutoci. Yanka ɗaya bisa kuskure na iya jawo asarar da ta ninka kuɗin maɓallin sau da yawa.

Halayen da makulli ya koya mana

Akwai kuma abin da ya shafi ɗabi'a. Mai makulli ba ya iya fita da makullinsa sai ya kashe mota. Mai maɓalli kuwa yana iya fita da rimot a aljihu inji na aiki, musamman idan injin mai shiru ne. A 2018 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa tun daga 2006 aƙalla mutum 28 sun mutu a Amurka, wasu 45 sun jikkata, sakamakon shaƙar iskar kabon monoksaid daga irin waɗannan motoci da aka manta a kunne a garejin da ke manne da gida. Iskar ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai wadda ke halaka iyalai a nan ƙasar idan aka kwana da janareta a cikin gida.

Wani abin kuma mai ban haushi: yawancin motocin ba sa mutuwa don rimot ya yi nisa, da gangan aka yi haka don kada inji ya tsaya a tsakiyar titi. Sai ka ga direba ya sauke Alhaji a tasha da rimot a aljihunsa, ya wuce gidan mai ya kashe mota, shi ke nan an zauna. Haka nan idan ɗan batirin rimot ya mutu, irin faifan nan mai lamba CR2032. Motocin kamfani suna da mafita: akwai siririn makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot don buɗe ƙofa, sannan idan ka kanga rimot ɗin a jikin maɓalli ko wurin da aka tanada, zoben waya zai ba ƙwayar wuta kamar dā. Wanda aka sa daga baya, sai an tambayi mai sawa wace mafita ya bari.

Ga masu sha'awar wannan fanni a cikinku, ku lura cewa aikin rewaya yana sauyawa. Yaron da ke koyon sana'a a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna yanzu yana buƙatar iya karanta zanen wayoyi, da auna wuta da mita, da amfani da kwamfutar binciken mota, ba gwada waya da tartsatsi ba. Darasin lantarki da maganaɗisu da kuke yi a aji shi ne harsashin duk wannan, kuma kwalejojin fasaha da foliteknik suna koyar da shi a aikace.

Kuna ma iya gwada wani ɓangare a gida, da izinin mai motar. Ku samo gwangwanin madara ko na Milo mai murfin ƙarfe, ku sa rimot a ciki ku rufe ruf, sannan ku je kusa da motar ku kama hannun ƙofa. Idan murfin ya zauna daidai, ba za ta buɗe ba, domin ƙarfen da ya kewaye rimot ɗin ya tare saƙon. Wannan shi ake kira kejin Faraday, kuma da shi masu motoci da yawa a Turai ke kare kansu daga dabarar da aka gwada a Zurich. Daga nan ku sassauta murfin kaɗan, ku sake gwadawa, ku rubuta a littafinku iya buɗewar da aka yi kafin motar ta ji rimot ɗinta.