Sau Nawa Ya Kamata A Kira Mai Feshi Gida A Shekara?

Da zarar hadari ya fara haɗowa a sararin Jalingo cikin watan Afrilu ko Mayu, sai ka fara ganin samari goye da tankin feshi suna zaga unguwanni, suna sallama gida-gida. A Kachalla Sembe, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo, kamar yadda yake a sauran unguwannin babban birnin Jihar Taraba, tambayar da maigida kan yi wa mai feshi bayan sun daidaita a kan kuɗi ita ce, "To, malam, yaushe kuma za ka komo?" Wani ya ce bayan wata guda, wani ya ce bayan wata uku, wani kuwa ya rantse cewa maganinsa na shekara ne cur. Tilas maigida ya rasa wanda zai gaskata.

Gaskiyar al'amari ita ce kowane ƙwaro da nasa lokaci, kuma abin da ke kashe wannan ba lalle ne ya taɓa wancan ba. A ƙasashen Turai da Amurka kamfanonin wannan sana'a sun saba ziyartar gidajen zama sau ɗaya duk wata uku, gidajen sayar da abinci kuwa duk wata. Amma wannan lissafi ne na ciniki wanda aka tsara bisa yanayinsu da irin gininsu. Mu a nan damina da kaka da rani su ne ya kamata su tsara mana namu.

ƁERA NE A KAN GABA

Mafi yawan masu kiran mai feshi sauro ne da kyankyaso ke damunsu, alhali babban abin tsoro a gidajen Taraba ba ya jin feshi ko kaɗan, watau ɓera mai yaɗa zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan cuta a shekarar 1969 a garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno ta yanzu, sa'ad da garin Lassa da Jalingo suke cikin jiha ɗaya, Jihar Arewa maso Gabas. Ma'aikatan jinya biyu na mishan ne suka fara rasa rayukansu a sanadinta kafin likitoci su san abin da suke fama da shi. A 1972, lokacin wata annoba a ƙasar Saliyo, masu bincike suka gano cewa ƙwayar cutar tana zaune ne a jikin wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys. Shi kansa cutar ba ta kayar da shi, sai dai ya yi ta zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi, da garin tuwo, da kwanukan da aka bari a buɗe.

Rahotannin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa na shekarun 2024 da 2025 sun sa Taraba cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna, tare da Ondo, da Edo, da Bauci. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo tana cikin wuraren da ake kwantar da masu ita. Cutar takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro take, shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta ci jiki. A cikin waɗanda suka warke ma, akwai masu yawa da takan bar su da kurumta.

Abin lura shi ne cutar ta fi tsananta tsakanin watan Disamba da Afrilu. Dalili kuwa a fili yake. In an gama girbi, an kwashe masara da shinkafa da gyaɗa an kai gida, aka kuma banka wa daji wuta, ɓera ba shi da sauran abinci ko mafaka a gona, sai ya bi amfanin gona zuwa rumbu da ɗakin ajiya. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a yi wa gida aikin ɓera shi ne watan Oktoba zuwa Nuwamba, kafin buhun farko ya shigo.

Sai dai kada a ɗauka sa guba sau ɗaya a shekara ya wadatar. Cikin macen wannan ɓera mako uku ne da 'yan kwanaki, kuma takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. A wasu ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini an shafe shekaru ana gwada sa guba a gidaje sau ɗaya kowace shekara da rani. Ɓerayen sukan ragu ƙwarai, amma cikin 'yan watanni sai su komo kamar ba a yi kome ba. Guba takan rage waɗanda ke ciki ne kurum, ba ta rufe ƙofar da suka bi suka shigo. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwanin ma'aikaci zai fara da neman ramuka a gindin bango da ƙarƙashin ƙofa da bakin silin, ya sa a toshe su da siminti ko ragar ƙarfe, gama ramin da yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera. Sa'an nan ya ajiye guba cikin akwati mai rufi inda yaro ko kaza ba za su kai ba, ya riƙa komowa duk mako har sai ɓera ya daina taɓa ta. Daga nan aikin ya koma hannun mutanen gida: tarko a kullum, abinci a rufe, shara nesa da ɗaki. Mushen ɓera kuma ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, a binne shi. Kashinsa a jiƙa shi da ruwan bilic kafin a share, don kada ƙura ta tashi a shaƙa.

SAURO DA DARASIN GARKI

Feshin sauro iri biyu ne, kuma jama'a kan haɗa su. Akwai na gwangwani wanda ake fesawa a iska da magariba, wannan aikinsa na daren nan ne kaɗai. Akwai kuma wanda ƙwararru ke fesawa a jikin bango, ya zauna yana kashe duk sauron da ya sauka ya huta bayan ya sha jini. Irin wannan, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancinsa yakan yi aiki daga wata uku zuwa shida, gwargwadon irin maganin da irin bangon. Bangon ƙasa yakan tsotse magani da sauri fiye da wanda aka yi wa shafen siminti da fenti. Tun da daminar Jalingo takan kai wata shida, feshi ɗaya a bakin damina ya zama dole ga mai so, na biyu kuwa wajen watan Agusta in maganin mai gajeren zango ne. Da rani ba a cika bukatarsa ba, sai ga gidajen da ke kusa da fadama ko bakin kogi irin su Mayo Gwoi da Lamurde.

Wanda ke tsammanin yawan feshi shi ne maganin sauro, to ya tuna da abin da ya faru a Arewacin ƙasar nan. A 1954 aka fara wani shiri na feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi. Kafin ƙarshen 1955 aka tarar sauron ya daina jin maganin dieldrin da ake fesa masa, domin waɗanda suka tsira su suka hayayyafa, 'ya'yansu kuma suka gaji taurinsu. Bayan haka, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. A daminar 1972 da ta 1973 an yi ta fesa maganin propoxur a ɗakunan ƙauyuka masu yawa, ana maimaitawa a kai a kai. Sauro ya ragu ainun, amma zazzaɓi bai yanke ba, saboda wani kaso na sauron a waje yake hutawa, ba ya taɓa bangon. Da aka daina aikin, cutar ta koma gidan jiya.

Darasin shi ne feshi mataimaki ne kurum. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma sha huɗu, don haka kwatamin da aka bari ya kwanta mako biyu ya isa ya mayar wa unguwa abin da mai feshi ya kashe. Gidan sauro mai magani kuwa yakan yi wajen shekara uku yana aiki, kuma kuɗinsa bai kai na feshin shekara ɗaya ba.

KUƊIN CIZO, KYANKYASO DA GARA

Waɗannan uku ba a yi musu feshi don kawai wata ya kama, sai an ga alamarsu. Amma in an fara, tilas a ƙarasa.

Kuskuren da aka fi yi wajen kuɗin cizo shi ne feshi sau ɗaya. Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwansa, ƙwan kuwa yakan ƙyanƙyashe cikin kwana shida zuwa goma. Saboda haka sai an maimaita bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku, tare da wanke kayan shimfiɗa da tafasasshen ruwa da shanya katifa da tabarma a rana mai zafi. Ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka rufe ɗaki a ƙaura na mako guda ba ya korarsa. Ƙaramin kyankyason kicin shi ma haka: macen tana ɗauke da kwanson ƙwai mai 'ya'ya talatin zuwa arba'in, wanda kan fashe bayan kamar wata guda. Mai feshin da bai yi alkawarin komowa dubawa bayan mako huɗu ba, rabin aiki ya yi.

Gara kuwa lissafinta na shekaru ne. In an zuba magani yadda ya kamata a harsashin gini tun ana haƙa, yakan tsare gida shekaru da dama. Abin da ake bukata shi ne dubawa sau ɗaya a shekara, a farkon damina sa'ad da shinge ke tashi, a bi azara da katakon rufi da jikin ƙofofi ana neman hanyoyin ƙasa da takan gina a jikin bango.

GUBAR DA TA FI ƘWARON ILLA

Akwai gidajen da duk mako ake yayyafa fiya-fiya a ɗakin kwana, a rufe ƙofa, yara su shiga su kwanta. Sinadarin da ke cikinsa, dichlorvos, maganin gona ne mai taɓa jijiyoyin ɗan Adam kamar yadda yake taɓa na ƙwaro, ta numfashi ko ta fata. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a jikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa, irin su Sniper, a kantuna da kasuwanni. Haka nan ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan hatsi, wadda ke fitar da iskar guba da zarar ta ji danshi, ba ta da makari, kuma haɗari ne babba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko wanda ke jingine da shi. Ga mai ajiyar wake ko masara akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar bayan aikin da suka faro tare da masana a Marwa ta ƙasar Kamaru. In an ɗaure shi tam, ƙwaro kan mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Saboda haka kafin maigida ya bar kowa ya shiga gidansa da tanki, ya nemi ganin kwalbar maganin da lambar rajistar NAFDAC a jikinta. Ya tambayi shaidar Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Nijeriya, EHCON, wadda ke ba masu wannan sana'a lasisi. A fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka, a kau da kaji da awaki, kada kowa ya koma ɗaki sai bayan awa biyu aƙalla, a kuma buɗe tagogi iska ta ratsa tukuna. Matattun ƙwarin a share a binne, kada kaji su tsince.

TO, SAU NAWA?

Ga gidan zama irin na Kachalla Sembe, a kira ƙwararre ya duba gida sau biyu a shekara: ɗaya a watan Afrilu kafin ruwa ya zauna, saboda sauro da gara, ɗaya kuma a watan Oktoba kafin shigowar hatsi, saboda ɓera. Dubawa aka ce, gama ba kowace ziyara ce za ta ƙare da feshi ba. Gidan da ake sana'ar abinci, ko ake tara hatsi da yawa, ko gidan haya mai cunkoso, duk wata uku ya fi dacewa da shi. Wanda kuwa ya ga sai ya kira mai feshi kowane wata, to ya bar zargin magani, ya duba bangonsa da kwataminsa da jujin da ke bayan gidansa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Har wa yau, ɓera da sauro ba su san iyakar gidan wane da na wane ba. In gida ɗaya ya yi aiki maƙwabta tara suka naɗe hannu, asarar kuɗi kurum aka yi. Dattawanmu suna tune da zamanin duba-gari, sa'ad da ma'aikaci kan shigo gida ya leƙa randa da masai da bayan ɗaki, kowa na shakkar tararsa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu a ƙananan hukumomi. Muna kira ga ƙaramar hukumar Jalingo da masu unguwanni da limamai su haɗa kai a tsayar da mako guda cikin watan Oktoba na kowace shekara, unguwa duka ta toshe ramuka, ta kwashe juji, ta ɗana tarko a lokaci ɗaya, tun kafin hunturu ya kawo zazzaɓin da ke raba mu da 'yan'uwa. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.