Buzuzu da Lafiyar Ƙasar Noma: Yadda Masana Ke Bincike a Kansa

Duk manomin da ya taɓa ba Fulani masauki a gonarsa bayan girbi a ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan ya san darajar kashin shanu. Sai dai ba kowa ne ya lura da buzuzu ba, wanda ke shigar da wannan taki cikin ƙasa. Wani nau'insa yakan dunƙule kashin ya gungura shi ya binne, wani ya haƙa rami a ƙarƙashinsa, wani kuma a ciki yake yin ƙwai. Ramukan suna ba ruwan sama hanyar ratsa ƙasa, sannan binne kashin yana rage yaɗuwar ƙudaje da tsutsar cikin dabbobi.

Hanyar da masana ke bi wajen ƙidayar buzuzu ba ta da tsada. Akan binne ƙaramin bokiti, bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwan sabulu kaɗan, a rataye ɗanyen kashi a samansa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a kwashe waɗanda suka faɗa, a ƙirga, a tantance nau'insu a wurare irin ɗakin adana ƙwari na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Idan aka maimaita haka a fadama da makiyaya da gona, rani da damina, za a ga inda suke raguwa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa manyan su ne ke fara ɓacewa idan aka sare itatuwa, alhali su suka fi binne kashi.

Abin da ya fi shafar mu shi ne magani. A shekarar 1987 masana a Ingila suka nuna cewa Ivermectin da ake ba shanu yana fita cikin kashinsu ya kashe 'ya'yan ƙwarin, kashin ya daɗe bai ruɓe ba. Ostireliya kuwa, da ta rasa buzuzun da ke iya aikin kashin shanu, sai da ta yi ta shigo da shi, musamman daga Afirka, tsakanin 1965 da 1985.

Ba muna cewa a daina maganin tsutsa ba ne. Muna dai kira ga makiyaya su tuntuɓi malaman dabbobi kan adadi da lokacin bayarwa, musamman a farkon damina lokacin da buzuzu ke fitowa da yawa. Haka kuma muna roƙon malaman gona da masu unguwanni su sanar da sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsu idan suka ga kashi na bushewa a makiyaya cikin damina ba tare da rami ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba.