Sunan Allah a Gaban Alƙali

A watan Maris na 2021 babbar kotun Kuala Lumpur ta hukunta cewa umarnin da gwamnatin Malesiya ta bayar tun 1986, wanda ya haramta wa Kiristoci buga lafazin Allah a littattafansu, ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, alhali kuwa kafin nan jayayya a kan jaridar Katolika mai suna Herald ta yi tsananin da har aka cinna wa wasu majami'u wuta a Janairun 2010.

Abin da ke sosa mini rai shi ne masu cewa Nasara aron sunan nan suka yi jiya-jiya domin su yaudari Musulmi. Mahaifin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Abdullahi aka raɗa masa tun kafin saukar wahayi. Larabawan Sham da Masar mabiya Annabi Isa da wannan lafazin suke addu'a. Linjilar Matiyu da aka buga da harshen Malay a 1629 ta zo da shi, haka nan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Mas'alar da ke da wuya ita ce rarrabe suna da Mai suna da kuma siffofinsa. Kogi ɗaya ne Bamalinke ke kira Joliba, Bazabarme ya ce Isa, Bahaushe ya ce Kwara, kuma bambancin suna bai raba ruwan uku ba. A kasuwa kuma sai ka ce Audu, mutum biyu su waiwayo. Akwai kuma talakawa biyu da suka je fada rana ɗaya suka yi gaisuwa, suka dawo suna musu mai zafi a kan halin sarki, wanda musun nasu bai mai da sarkin biyu ba, kuma bai sa duka biyun sun yi daidai ba.

A nan saɓanin yake, kuma babba ne, ba ya ɓoyuwa da fara'a. Alƙur'anin da ya tabbatar a Suratul Ankabut cewa Abin Bautar Musulmi da na Ahlul Kitabi guda ne, shi ne ya kore aƙidar Uku-Cikin-Ɗaya a Suratul Ma'ida; majalisar Fadar Paparoma ta yarda a 1964 cewa Musulmi Mahalicci ɗaya suke bauta wa tare da Kiristoci, amma fastoci da yawa sun ƙi, domin a wurinsu wanda bai karɓi Almasihu a matsayin Ɗa ba bai san Uba ba. Wannan muhawara ta malaman tauhidi ce, kuma ina ganin hukumar da ta shiga tsakani da takardar haramci ta tsorata talakawa ne kawai, ba ta warware kome ba. A 2023 gwamnatin tarayya ta janye ƙarar da ta ɗaukaka a kan hukuncin 2021, amma jihohi irin su Selangor sun ci gaba da riƙe dokokinsu.