Tsofaffin na'urori a ma'aikata: yaya za a yi da su in kuɗi ba su isa ba?

Ran 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da ɗimbin na'urori masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira kwamfuta ko ordinatar. Na'urar ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana buga takarda kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin yakan aiko kyauta kowane wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga ta cikinsu.

Sabuwar manhajar, Windows 11, ba kowace na'ura ke ɗaukarta ba. Sai mai wani sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan ba. Ma'aikatar da ke son a ci gaba da aiko mata faci sai ta biya dalar Amurka 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, daga nan kuma an rufe. Ga biro mai na'ura 50, kuɗin shekarar farko kaɗai dalar Amurka 3.050 ne. Shugaban ma'aikatar da kasafinsa da ƙyar yake kai takarda da tawada ya san nauyin wannan.

Zuba ido kuwa yana da nasa haɗari. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle takardun mutane har sai an biya fansa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kimanin sau dubu 19. Abin takaici, tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ya fitar da facin, amma ba a sa shi ba. Haƙiƙa rigakafi ya fi magani.

Akwai wata hanya, ita ce wadda jandarmomin ƙasar Faransa suka bi. Ba su zubar da na'urorinsu ba, manhaja suka sake, sannu a hankali. A 2005 suka koma OpenOffice wajen rubutu da lissafi, a 2006 suka ɗauki Firefox da Thunderbird wajen intanet da wasiƙu. Sai a 2008, bayan ma'aikata sun saba da waɗannan, aka yanke shawarar barin Windows a koma Ubuntu, wani reshe na Linux wanda ba a biyan kuɗin lasisinsa. Zuwa 2013 na'ura dubu 37 ke aiki da shi. Hikimar tana cikin jerin: ranar da aka sake tushen, jandarma ya tarar da kayan aikin da hannunsa ya riga ya sani, saboda haka aiki bai tsaya ba.

Ƙaramar ma'aikata ma tana iya koyi da wannan. Aikin farko shi ne ƙidaya: na'ura nawa ke akwai, shekarar kowace, aikin da take yi, da wanda aka danƙa wa. Bayan haka a kasa su. Wadda ke riƙe da albashi, ko haraji, ko takardun haihuwa, ita ce ta fi cancanta da ɗan kuɗin da ke hannu. Wadda ke buga wasiƙa kawai, Linux da LibreOffice sun ishe ta, in an ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, aka kuma sa mata faifan SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa. Wadda kuma ke ɗauke da tsohuwar manhajar da ba ta da madadi, a cire ta daga intanet ɗungum.

A Nijar, ƙurar hunturu, da zafin Afrilu da Mayu, da ɗaukewar kuran suna tsufar da na'ura fiye da shekaru. Ƙura takan toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta ƙone. A hure ƙurar a kai a kai, a ɗaga na'ura daga ƙasa, a lulluɓe ta bayan tashi aiki, a kuma haɗa ta da akwatin batir mai riƙe wuta in kuran ya tafi.

Amma babban abu shi ne ajiya. Ƙarfe in ya lalace ana sayen wani. Rajistan shekara ashirin in ya ɓace ba ya da kasuwa. Kamar yadda manomi ke da rumbun tsimi, haka ya kamata kowace ma'aikata ta riƙa kwafar bayananta kowane mako a wani faifai dabam, ta ajiye shi a wani ɗaki dabam, tana gwada buɗe shi lokaci lokaci. Waɗannan takardu amanar talakawa ce, kuma shugaban ma'aikata ne za a tambaya ranar da suka salwanta.