Hattara da Fesa wa Shuka Ruwa a Rumfar Leda!

Masu noman tumatir, tattasai da kokwamba a rumfar leda, ku yi hattara. Wata muguwar dabara tana yaɗuwa daga gona zuwa gona: da zafin bazara ya tsananta, sai a jawo mesa a dinga feshe shuka daga sama, wai don ta sha sanyi. Mai yin haka cuta yake gayyatowa da hannunsa.

Ba a musun zafin. A watan Afrilu yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, cikin rumfa kuwa ya fi waje, ga shi tumatir kan zubar da fure in zafi ya wuce digiri 35. Tun ɓarnar tsutsar sharon ta 2016, wadda ta sa Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, tsoron ƙwari ya sa ana toshe kowace kafa. Iska ta tsaya cak, to ina tururin ruwan da aka fesa zai bi ya fita?

Da danshi ya wuce kashi 85 cikin 100, fumfuna ta samu gida. Ka duba ganyen ƙasa, za ka ga rawayan tabo a samansa. Ka juya shi, sai ka tarar da wani laushin ƙura mai ruwan ƙasa-ƙasa. Kafin ka ankara ganye ya nannaɗe ya bushe, cuta ta hau sama. Fantsamar ruwa ce ke kai ta daga wannan gindi zuwa wancan. Garin fure ma yakan dunƙule, fure ya faɗi babu ɗa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

A tare zafi tun daga waje. A shimfiɗa ragar inuwa a kan rufi, ko a shafa masa farar ƙasa. A ɗage ledar gefe, a buɗe kafar sama, a sa ragar hana ƙwari. In dole sai an sanyaya da ruwa, a jiƙa hanyar da ke tsakanin kunyoyi da rana, iska na ratsawa. Ban-ruwa a gindi ake yi, da safe, ta bututun ɗiga. Da damina kuwa, musamman a Agusta, iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ruwa ba ya sanyaya komai.

Maigona, ka ja kunnen yaranka tun yau: kada ganye ya kwana a jiƙe. In fumfuna ta kama rumfa, magani sai dai ya rage asara, ba ya dawo da ganyen da ya mutu.