Shari'ar Da Ake Yi Da Dukiya A Bar Mai Ita

A shekarar 2003, a jihar Nebraska ta Amurka, wani ɗan sandan babbar hanya ya tsayar da motar haya saboda gudun wuce ƙa'ida. Da aka bincika, sai ga dala 124,700 cikin kula a bayan mota. Direban ya ce haɗa kuɗin suka yi da abokan kasuwancinsa don sayen babbar mota mai firji ta ɗaukar kayan gwari. Karen 'yan sanda ya yi alamar ya ji ƙanshin ƙwaya, amma ba a samu ƙwayar ba, kuma ba a tuhumi mutumin da safararta ba. Kuɗin aka kai ƙara: a takardar kotu mai ƙara ita ce gwamnatin Amurka, wanda ake ƙara kuma dala 124,700. Kotun farko ta ce a mayar masa, amma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuɗin suka zama na gwamnati.

Dokar da ta ba da wannan dama tsohuwa ce. Daga dokokin teku na Ingila Amurka ta gaje ta, kuma a 1827, a shari'ar wani jirgin ruwa mai suna Palmyra, Kotun Ƙoli ta ce ana iya ƙwace jirgi ko ba a samu kowa da laifi ba. A wancan zamani hujjar tana da ƙarfi, don mai jirgin fashi ko fasa-ƙwauri yana can ƙetaren teku inda sammaci ba ya isa.

Abin ya sauya kama a 1984, ana tsakiyar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Majalisar Amurka ta buɗe wa Ma'aikatar Shari'a asusu na musamman inda dukiyar da aka ƙwace za ta riƙa shiga, aka kuma ba 'yan sandan jihohi da ƙananan hukumomi damar samun har kashi 80 cikin ɗari na abin da suka kama idan sun bi ta hannun tarayya. A ganina nan ne aka yi ɓarnar. An ba kura ajiyar nama, tunda mai kamawa shi ne mai cin moriyar abin da ya kama, ya sayi motoci da makamai. A 2014 jaridar Washington Post ta gano cewa tun daga 2001 an yi kamen tsabar kuɗi sau 61,998 ta wannan tsari, ba takardar izinin bincike, ba tuhuma, jimillarsu ta haura dala biliyan 2.5.

Wanda aka ƙwace wa kaya zai iya zuwa kotu, amma da aljihunsa. Tunda shari'ar ba ta laifi ba ce, galibi gwamnati ba ta ba shi lauya, kuma hujjar da ake nema a wurinta ba ta kai ta shari'ar laifi nauyi ba. Cibiyar Institute for Justice ta duba bayanan jihohi 21 a rahotonta na 2020, ta ga rabin kuɗin da ake ƙwacewa ba su kai dala 1,300 ba, alhali ɗaukar lauya ba ya kasa dala 3,000. Wa zai kashe dubu uku don ƙwato dubu ɗaya? Yawanci sai su haƙura. A birnin Philadelphia, a 2014, an fitar da wasu iyaye daga gidansu aka rufe shi saboda an kama ɗansu da ƙwayar dala 40. Sai a 2018 birnin ya amince ya gyara tsarin, ya ware dala miliyan 3 don biyan waɗanda aka zalunta.

Kotun Ƙoli ta daɗe ba ta tsawata ba. A shari'ar Bennis ta 1996, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa matar da mijinta ya yi lalata da karuwa a cikin motar da suka saya tare, tsohuwar Pontiac ta dala 600, ta rasa rabonta ko da ba ta san komai ba. Sai a 2019, a shari'ar Timbs, alƙalan suka haɗu a kan cewa hanin cin tara mai wuce kima ya shafi jihohi ma. Motar Land Rover ta dala 42,000 aka ƙwace a can, wadda mai ita ya saya da kuɗin inshorar mahaifinsa da ya rasu, alhali tarar laifinsa ba ta wuce dala 10,000 ba.

Duk da haka ba zan ce a binne dokar ba, don mu ma a Najeriya mun amfana da ita. Janar Sani Abacha ya rasu a 1998, ba mai iya gurfanar da shi. Ta wannan hanya ce wata kotu a Washington ta ba da umarnin ƙwace fiye da dala miliyan 480 na dukiyar da aka wawure a mulkinsa a 2014, kuma a 2020 aka dawo wa Najeriya da kimanin miliyan 311, aka ware su ga hanyar Abuja zuwa Kano, da ta Legas zuwa Ibadan, da gadar Neja ta biyu. Ga mamaci, ko wanda ya tsere, ko tulin kuɗin da kowa ke gudun cewa nasa ne, kamar dala miliyan 43 da EFCC ta samu a wani gida a Ikoyi a 2017, babu wata hanyar da ta fi wannan.

Najeriya na da nata tanadin a sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006, da kuma dokar ƙwato dukiyar haram da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022. Kotu na ba da umarnin wucin gadi, a buga sanarwa a jarida, mai dukiya ya zo ya nuna dalilin da ba za a ƙwace ba. Tsohon minista yana da lauyoyin da za su ga sanarwar da safe. Abin da ke damuna shi ne ɗan kasuwar da ya sauke tirelar shanu a kudu, ya ɗauro miliyoyinsa a ƙugu, ba rasit, shaidarsa dillali ne da amana. Idan aka buɗe wannan ƙofa ga kowane mai kaki a shingen hanya, shi zai fara shiga uku.

Jihar New Mexico ta Amurka ta nuna gyaran da ake iya yi. A 2015 ta ce ba za a ƙwace dukiya ba sai an samu mai ita da laifi, kuma abin da aka ƙwace baitulmalin jiha zai shiga, 'yan sanda ba su da ko sisi a ciki. Sharaɗin farko zai ɗaure mana hannu a kan ɓarayin da suka mutu ko suka gudu, don haka sai an ware su daban. Na biyun ya kamata Majalisar Tarayyar Najeriya ta riƙe shi da ƙarfi duk ranar da wata hukuma ta zo neman kaso daga abin da ta ƙwato.