Allon Zayyana, Shaidar Saukar Alƙur'ani

A Yolde Pate da sauran unguwannin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, idan yaro ya sauke Alƙur'ani, akan nemo sabon allo a kai wa mai zayyana. Shi kuwa sai ya haɗa tawada da ƙaro, ya ƙawata allon da ja da kore da rawaya, sa'an nan a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ranar walima yaro ya karanta gaban malaminsa da dangi. Ba a zana mutum ko dabba, sai layuka da kusurwoyi.

Turawa ma sun yi zanen addini a jikin katako, amma su da siffofin mutane. Akwai wani mashahuri a majami'ar birnin Gent, ƙasar Beljiyam, wanda Jan van Eyck ya gama a 1432. A 1934 ɓarawo ya sace ɓangare guda, har yau ba a gan shi ba. Wani mai zane ya kwaikwaye shi da hannu, aka cike gurbin a 1945.

To, namu ba ɓarawo ne abin tsoro ba, sakaci ne. A kasuwar Kurmi ta Kano baƙi na sayen allunan don ado kawai. Saboda haka 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege, in ɗanku ya sauke, ku aika gida a yi masa zayyana da hannu, domin sana'ar da ba ciniki mutuwa take yi.